Rabin Randa a Kufai

Assalamu alaikum, 'yan uwa.

Kwana da kwanaki ke nan wata magana ta tsaya mini a ƙirji. Ina girki, ba na jin ɗanɗano. In zauna gaban keken ɗinki, sai in ga rana ta yi sama ban taka shi ba. Maigida ya tambaye ni ko ciwon kan nan ne ya dawo. Na ce eh, don ban san me zan ce masa ba.

Ni ba mai zurfin karatu ba ce, ku yi haƙuri da rubutun. Sunayen da za ku gani na aro ne, garin ma ba zan faɗa ba.

Wata rana, bayan ruwan farko ya sauka, wata doguwar mota ta tsaya a ƙofar gidan wata dattijuwa, Iya Tasalla.

Ɗanta ne ya zo ɗaukarta. Haladu, malamin makaranta, kuma sakataren ƙungiyar masu bin tarihin garin.

Ƙila kun san irinsu. Malamai ne da 'yan fansho, da samari da 'yan mata masu waya a hannu. Duk bayan 'yan makonni sai su ɗiba su tafi wani wuri. Yau guntun ganuwar da ya rage. Gobe tsohuwar marina da ramukanta suka bushe. Wata ran kuma rijiyar da fatake suke shayar da jakuna a da. Su share ciyawa, su ɗauki hoto, su yi ta gardama kan sunan wata ƙofa da ta rushe tun ba a haifi kakanninsu ba.

Ba sa cutar kowa. Su ne ma suka hana a mayar da bakin ganuwar juji.

Amma a kasuwa 'yan yawon kufai ake ce musu. Mai nama in ya hango Haladu sai ya ɗaga murya:

"Malam, yau kuma wane bangon za a je gaisarwa?"

Haladu dariya yake yi. Amma abin yana masa ciwo, uwarsa ta sani.

A wannan karon Tsohuwar Unguwa za su. Unguwar da kwazazzabo ya dinga ci, yana ci, har mutane suka kwashe nasu ya nasu suka dawo cikin gari, tun Haladu yana rarrafe. Sun ce suna son tsofaffin da suka zauna a can su raka su.

Sai dai tsofaffin sun ƙare. Cikin duk gidajen bakin kuka, Iya Tasalla kaɗai ta rage.

"Me zan gano a can?" ta ce masa. "Ƙasa ce da ciyawa."

"Iya, ki nuna mana inda aka haife ni kawai. Ba tafiya za ki yi ba, har gindin kukar mota za ta kai ki."

Ta ɗauki mayafinta. Ba don tana so ba. Don ya riga ya gaya wa mutane za ta zo.

Cikin mota hayaniya ake ta yi. Shugaban ƙungiyar, Malam Sallau, tsohon hedimasta ne, a birni ya tashi, aiki ya kawo shi garin har ya zauna. Yana da wata 'yar lasifika, ko kana kusa da shi ta cikinta zai yi maka magana. Tun ba a fita gari ba ya fara bayanin ganuwa.

Wata tsohuwa, Kuluwa, wadda ta biyo jikarta don shan iska kawai, ta toshe kunne.

"Malam Sallau, kashe abin nan, don Allah. Gabanka muke."

"Tarihi nake ba ku, Hajiya."

"In an gama kai ma a ɗora ka kan tebur a rubuta shekarunka. Ka girmi ganuwar."

Mota ta ɗauki dariya.

Iya Tasalla tana kallon taga.

Da suka isa, ba gida, ba danga, ba zaure. Tudun ƙasa ne nan da can, ciyawa ta fara tsirowa a kai. Kukar ce kawai tana nan yadda ta bar ta.

Aka shimfiɗa mata tabarma a inuwa, ta zauna.

Ta ɗauka za ta ji wani abu. Ba ta ji ba. Idonta ne kawai ya shiga aikinsa shi kaɗai. Nan zauren surukinta yake. Nan ake kafa turmi. Nan madafa. Can ɗakinta.

Ta ɗaga hannu ta nuna.

Haladu ya hau tudun, ya karɓi lasifikar Malam Sallau.

"Jama'a, ga gidanmu. A nan aka yanke mini cibiya. Ni ne ɗan farin wannan ɗaki!"

Aka tafa masa.

Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zaninta. Kowa ya ɗauka kunyar ɗan fari ce irin ta iyayenmu. Kuluwa ta zungure ta da gwiwar hannu.

"Har yanzu? Yaro ya yi furfura kina jin kunyarsa?"



Samarin suka gangara bakin kwazazzabon, inda ruwan ya yi sabon yanka. Ba a jima ba sai ihu.

"An samu! Malam, an samu!"

Kowa ya ruga. Har Kuluwa ta ja sandarta ta bi.

Iya Tasalla ba ta motsa ba. Ta auna da ido daga kukar zuwa ɗakin. Daga ɗakin zuwa inda suka yi cincirindo.

Bayan ɗakinta ne.

Nan sai na ɗan koma da ku baya, don yaran yanzu ba su san wannan ba.

A da, a wajenmu, in jariri ya koma kafin suna, ba a kai shi maƙabarta. Bayan ɗakin uwarsa ake haƙa masa ɗan wuri. In ba itacen rufi a kusa, sai a raba randa biyu a kifa masa, sannan a mayar da ƙasa.

Haladu ba shi ne ɗan fari ba.

Akwai wadda ta riga shi. Mace. Ta zo da gashi cike da kai, ta kama nono, ta yi 'yan kwanakinta. Ana cikin surfen hatsin suna ta koma.

Matan gidan suka ce wa Tasalla kada ta kuskura ta yi kuka. 'Yar fari ce, abin kunya ne a ji muryar uwa. Suka zaunar da ita a ɗaki, suka saki asabari.

Can sai surukinta ya yi gyaran murya a bakin ƙofa, ya ce a miƙo randa.

Tata ce kaɗai sabuwa a gidan. Randar aurenta. Goggonta mai ginin tukwane ce ta gina mata, tun yumɓun yana ɗanye ta cire munduwar hannunta ta dinga dannawa a wuyan randar, ta yi mata ado har ya zagayo.

Aka juye ruwan a tsakar gida. Aka fita da ita.

Tasalla ba ta ga komai ba. Ƙara ɗaya ta ji daga bayan ɗaki.

Ƙwas.

Shi ke nan.

Ta ci gaba da wankan jego har arba'in, ba jariri. Gurbin randar ya zauna a kusurwar ɗaki, wani zagayayyen tabo a ƙasa. Kullum in tana shara sai tsintsiya ta kewaye shi.

Ba wanda ya sake tayar da maganar. Yarinyar ba ta da suna balle a kira.

Da aka haifi Haladu, aka dawo cikin gari, 'yan sabuwar unguwa suka ɗauka shi ne na fari. Ita ma ta bar shi a haka. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, "yaron nan" take cewa. Miji ya rasu. Surukai sun rasu. Ungozoma ta rasu. Magana ta rage a cikin mutum ɗaya.

To, ga su nan suna hawowa daga kwazazzabon.

Haladu a gaba, ƙasa har gemunsa. Ya rungumo abu da hannu biyu a ƙirji, yana takowa a hankali kamar wanda aka ba jariri.

Rabin randa.

Malam Sallau ya kunna lasifika.

"Jama'a, wannan ba ƙaramin abu ba ne! A kife muka same ta cikin ƙasa. Ɗaya rabin yana nan, ba mu taɓa ba. Ku dubi zanen wuyan nan! Yanzu wa yake irinsa? Wannan aikin mutanen da suka riga ganuwa ne!"

Kuluwa ta leƙa, ta ja baya.

"Kai, Malam. Kada dai kabari kuka taɓa."

"Haba, Hajiya. Kabari a cikin gida? Maƙabartar unguwar tana can gabas, bara muka je muka share ta. Kuma wa zai shiga ɗan wurin nan? Ajiya ce ta mutanen da. Ƙila hatsi, ƙila kuɗin wuri, ƙila abin da ya fi haka."

Kuluwa ta buɗe baki za ta ƙara. Tafi da shewa suka danne ta. Ta taɓe baki, ta koma neman inuwa.

Haladu ya durƙusa gaban uwarsa, ya ɗora mata a cinya.

"Iya, riƙe. A gidanmu aka samu. Ke ya kamata ki fito a hoton."

Ta riƙe.

Sanyi gare ta. Ba ta duba ba, babban yatsanta ne ya je wuyan da kansa, ya bi sawun munduwar ɗaya bayan ɗaya. Har ya kai wurin da hannun goggo ya goce, sawu biyu suka hau juna. A wurin ne take jingina moɗa a da.

Ta ciki kuma, ɗanyar ƙasa baƙa ta manne.

"Iya, ɗago kai. Yi murmushi mana."

Ta ɗago.

Aka ɗauka.

Ba ta ji baƙin ciki ba. Ba ta ji zafi ba. Kamar wani ya ba ta kayansa ta riƙe masa ya je ya dawo.

Aka buɗe kulolin dambu, aka rarraba zoɓo. Kowa yana ci yana magana da ƙarfi. Haladu bai ci ba. Ya tsugunna kusa da ita yana naɗe rabin randar cikin buhu, yana cusa ciyawa kada ta bugu a mota.

"Yaron nan."

"Na'am, Iya."

"Wurin da kuka ɗauko. Kun rufe?"

"A'a. Ganye dai muka ɗora da dutse, don shaida. Asabar ta sama za mu dawo da diga da shebur, mu tono sauran. Har baƙi za mu gayyato daga jami'a." Ya yi dariya. "Iya, bana mai nama zai yi shiru."

Ta dubi fuskarsa.

Rabon da ta ga haƙoransa a waje haka tun yana ɗan firamare.

Ta buɗe baki za ta faɗa masa. Yayarka ce a wurin. Amma harshen da bai taɓa faɗa ba bai san ta inda zai fara ba.

"Allah ya sa albarka," ta ce.

"Amin, Iya!"

Aka shiga mota aka dawo. Malam Sallau yana ta lasifika. Ita tana kallon taga.

Sun kai rabin randar ɗan ɗakin da suke taro, sun shimfiɗa farin ƙyalle a tebur sun ɗora ta. Yara 'yan makaranta suna zuwa layi-layi suna kallo. Har mai nama an ce ya leƙa.

Hoton kuma ya zaga gari.

Ni ma na gani. 'Yata Sahura 'yar ƙungiyar ce, ita ta nuna mini a wayarta. Iya Tasalla maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. Na ce, "Kai, Iya ta yi kyau." Har na rubuta Masha Allah a ƙasa.

Ban lura da idonta a hoton ba sai daga baya.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ta kira ni ta kan katanga.

"Uwar Sahura, in za ki kasuwa ki sayo mini randa. 'Yar ƙarama."

"Randa kuma, Iya? Ina firjin da Malam Haladu ya kawo miki?"

"Ke dai sayo."

Na sayo na kai mata. Na tarar da ita zaune a tsakar gida, taɓarya a gefenta. Ta karɓa, ta jujjuya, ta ƙwanƙwasa cikinta da yatsa.

"Ke kin san yadda maza suke raba ta biyu ba ta tarwatse ba?"

Na ce, "Iya, raba ta kuma? Sabuwa ce fa."

A nan ta ba ni labarin. Duk wannan da na rubuta muku, daga bakinta na ji. Muryarta ba ta hau ba, ba ta sauka ba. Kamar labarin wata mata take bayarwa, wadda ta taɓa sani a wani gari. Ni ce na yi kuka. Ita ta ce, "Share, kada yara su shigo."

Na ce, "Iya, a gaya masa mana. Ɗanki ne. Wallahi shi ma in ya sani ba zai yarda ba."

"In ce masa me?"

Ta ci gaba.

"In ce abin da yake nuna wa 'yan makaranta murfin kabarin yayarsa ne? Da hannunsa ya janye, ya ɗora mini a cinya, ya ce in yi murmushi? Da wane ido zai sake kallona? Da wace ƙafa zai shiga kasuwa?"

"To, Iya, sai a bari su sa diga?"

Ta daɗe tana kallon randar.

"Yarinyar ba ta ko kai rabin tsawon wannan taɓaryar ba," ta ce. "Diga ɗaya ya ishe ta."

Sannan ta turo mini randar da ƙafa, a hankali.

"Tafi da ita wajenki. Na ɗauka zan iya. Ƙafata ba ta kai ni can, kuma mace ba ta rufe kabari."

Na ɗauka. Na kai bakin zaure ta kira ni.

"Uwar Sahura."

"Na'am, Iya."

"Amana na ba ki. Ban ce ki kai wa kowa ba."

Tun ranar ba ta sake tayar da zancen ba. Muna gaisawa ta kan katanga. Ina kwana, lafiya lau. Ya ƙafa, da sauƙi. Ina jin tsintsiyarta da safe. Ina jin Haladu in ya zo gaishe ta yana ba ta labarin baƙin da za su zo, tana cewa, "To. To. Madalla."

Randar tana bayan ƙofar ɗakina.

Jiya Sahura ta gan ta, ta kwashe da dariya. "Umma, wannan ma ta tarihi ce? Mu tafi da ita?"

Ta wanke takalminta ta shanya. Ta ari shebur ɗin babanta ta jingina a zaure. Duk wucewar da zan yi sai na gan shi.

Asabar ɗin ta matso.

Kullum da la'asar hadari yana haɗowa ta gabas. Ni kuwa sai in tsaya a tsakar gida ina kallonsa, ina tuna ganye ne kawai da dutse a wurin.

Darasi:

Kafin ka je ka tambayi bango, ka zauna ka tambayi wadda ta kwana a cikinsa. Tsohuwar da take shiru a gidanku ba rashin abin faɗa ba ne. Wani abin tun tana da ƙuruciya aka ce kada ta faɗa, har bakinta ya manta hanya. Masu bin tarihin gari aikin alheri suke yi, Allah ya saka musu. Amma ba duk abin da ƙasa ta rufe ba ne ya rasa mai shi. Wani mai shi yana nan da rai, yana zaune a tabarma, ka ce masa ya yi murmushi.

Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu tsofaffi a gida da masu zuwa irin wannan yawo. Ni dai ban sani ba, ina so ya kai wayar Haladu ko ba na so.

Yanzu ku ba ni shawara, don Allah, kaina ya ƙulle.

In na gaya masa, na ci amanar tsohuwar da ta riƙe bakinta tsawon rayuwarta, ta buɗe shi sau ɗaya, a gabana.

In na ce maigida ya je a ɓoye ya rufe, sai na faɗa masa dalili. Kuma ranar Asabar su zo su ga sabuwar ƙasa, su ƙara zurfin digar.

In na yi shiru kuwa, shebur ɗin gidana ne zai fara shiga.

In ke ce, 'yar uwa, randar nan tana bayan ƙofarki, ya za ki yi da ita?